Ƙararrawar Manaja

A bayan gidan Baba Tela, tsakanin bishiyar gwaiba da katanga, akwai wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. In ka leƙa za ka ga kwarkwaron zare guda tara, duk ba zare a jikinsu, an soka kowanne a ƙusa an kafa a ƙasa. Baƙo yakan zaci wasan yara ne. Ba wasan yara ba ne, makabarta ce ta dabbobin gida, kuma mai kwarkwaro na tara ita ta yi jigilar yawancin sauran takwas ɗin zuwa wurin.

Baba Tela ya yi shekara arba'in da 'yan kai a kan keken ɗinki. Shagonsa ɗakin gaba ne na gidan, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. A zamanin ƙuruciyarsa tef ɗin awo ado ne kawai a wuyansa. Kallo ɗaya zai yi maka ya ce kafaɗa sha takwas, hannu ashirin da huɗu, kuma in ka yi gardama aka auna, kai za ka ji kunya. Ba shi da yawan magana, ba shi da yawan dariya, abin dariyar ma in zai faɗa da fuska a murtuke yake faɗarsa.

Da maman yara ta rasu, 'ya'yansa uku suka yi zama a kansa, shi yana nan zaune kamar ba da shi ake ba. Injiniya, babban, ya ce a rufe shago. Auta ta yi ta kuka. Nas, ta tsakiyar, wadda duk gidan ake shakkar bakinta, ita ta yanke magana: muddin Baba yana iya hidimar kansa, a bar shi a gidansa. Ranar da ya kasa, za ta zo ta ɗauke shi zuwa wurinta, wani gari can, bene hawa na uku, inda ba tsakar gida, ba shago, ba mai leƙowa ya ce a ɗan rage masa ƙafar wando.

"Gawata za ku fitar daga gidan nan," in ji shi.

"To Baba, Allah ya ja da ran gawar," in ji Nas.

Aka tashi a haka. Gidan ya rage daga shi sai Manaja.

Manaja kyanwa ce baƙa, mai farin tabo a maƙogwaro. Da kanta ta shigo shagon tun tana 'yar mitsila, ba wanda ya gayyace ta. Shi ya raɗa mata sunan, saboda a cewarsa ba ta aikin fari ba ta na baƙi, ita ke fara cin abinci, kuma kujerar da ta fi kowacce laushi a shagon tata ce.

To ka san halin 'ya'yan zamani. Ba su da lokacin zuwa, amma suna da tausayi, kuma tausayin nan dole a saka shi a kwali a aiko. Kowa ya tuna Baba yana zaune shi kaɗai, sai ya sayo wani abu mai rai ya kawo masa, wai ya ɗebe masa kewa. Ba wanda ya taɓa neman shawarar Manaja.

Auta ce ta fara, da jajayen kifaye biyu a kwanon gilashi. Kwana biyu suka yi a duniyar gidan. Ranar ta uku Baba Tela ya tarar da ruwa tsaf-tsaf, sai wutsiya ɗaya a kan tebur da rabin kai a ƙarƙashin keke, Manaja kuwa tana gefe tana lasar hannu, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya rasa yadda zai jefa kyautar Auta a kwandon shara. Sai ya ɗauko ragowar ƙyallen aljihun riga, ya yi 'yan jakunkuna biyu, ya ɗinke bakinsu da ɗinki mai kyau, irin wanda yake yi wa manyan mutane, ya haƙa rami biyu a gindin gwaiba ya rufe. Daga nan abin ya samo asali.

Nas ta kawo kanari a keji. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana rera waƙa, unguwa kaf ana jin daɗi. A na sha biyu aka wayi gari fukafukai ruwan ɗorawa sun cika tsakar gida. Nas ta kira waya tana huci.

"Baba, wallahi ko ka jefar da magen nan, ko in zo in saka ta a buhu da hannuna."

"Wa ya gan ta?" in ji shi. "Kina da shaida?"

"Gashin tsuntsu a bakinta fa ka ce ka gani!"

"Ƙila gaisuwa ta je yi."

Don a zauna lafiya ya yi alkawarin ɗaukar mataki. Ya yanko jan ƙyalle, ya ɗinka wa Manaja abin wuya, ya maƙala wata 'yar ƙararrawar tagulla da ya ciro daga tsohuwar rigar yara, wai duk abin da za ta kama ya ji zuwanta ya gudu. Kai, ina! Mako guda bai cika ba ta koyi maƙale ƙararrawar a ƙarƙashin haɓa in za ta yi farauta. Ba ta kaɗa ta sai in lafiya ce ta fito da ita, wato sai in abinci za ta.

Injiniya ya aiko zomaye biyu, aka ce mace da namiji ne, ashe duk maza ne. A nan dai a yi wa Manaja adalci: ɗayan ne ya kashe ɗan'uwansa da duka, ita wanda ya yi nasara kawai ta ɗauka. Bayansu sai kunkuru, wanda kowa ya ce wannan kam ya fi ƙarfin haƙorinta. Haka ne kuwa. Amma a wannan watan sai Auta ta ƙaro talo-talo, talo-talon ya tsani kunkurun ba gaira ba dalili, ya yi ta saransa har ya kifar da shi rigingine a tsakiyar rana, ba wanda ya lura sai da yamma. Shi kuma talo-talon, Manaja ta biyo shi wata safiya, ya tashi sama da ƙyar, ya faɗa duron ruwa da ka.

Zuwa lokacin Baba Tela ya saba. In aka shigo da sabon baƙo a kwali, sai ya sa hannu ya shafa shi daga kai zuwa wutsiya, ya ce, "Rabin yadi zai ishe shi." Auta ta taɓa fashewa da kuka a kan wannan maganar. Maƙwabta kuwa in suka ga mota ta tsaya an fito da keji, sai su leƙo ta katanga su ce, "Baba Tela, mu yi gaisuwar tun yanzu ko sai jibi?" Ya ce su bari dai a ga abin da Manaja za ta ce. Shi kansa talo-talon sai da ya ci yadi ɗaya da rabi, kuma Baba Tela ya daɗe yana mita a kai.

Abin da ya ɗaure wa yaran kai shi ne yadda yake ba kyanwar nan kariya. Mutumin da ya taɓa korar abokin ciniki saboda ya taka masa almakashi, ga shi kyanwa tana hallaka masa kyautar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ko tsawa ba ya yi mata. Suka ce tsufa ne. Ba su lura cewa tun daga kan zomaye da hannu yake awon baƙin ba, ba da ido ba.

Gaskiyar magana, idon Baba Tela yana tafiya. Ya je wurin likitan ido a ɓoye, shi kaɗai, likita ya haska masa fitila ya ce jijiyar ce ke mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Duniya ta riƙa tsukewa daga gefe-gefe, har ta koma kamar yana leƙenta ta ramin maɓalli, daga baya ramin ma ya cika da hazo. Ya dawo gida bai gaya wa kowa ba, don ya san magana ɗaya ce tsakaninsa da bene hawa na uku.

A shago bai sha wahala ba. Hannunsa ya san keken nan fiye da yadda ya san fuskarsa. Ya yi wa tef ɗinsa ƙulli da zare a kan kowane inci. Zura zare a allura kuwa da wata siririyar waya yake yi. Sabon ɗinki ya daina karɓa, ya ce ya gaji da rigimar masu biki, sai faci da gyaran zif da rage tsawo. In aka zo maganar launi sai ya tura wa mutum kwalin zare ya ce, "Zaɓi da kanka, kada gobe ka ce ni na cuce ka." Mutane suka yi ta yabonsa, wai tsufa ya sa masa sauƙin kai.

Tsakar gida ce matsalar. Daga ɗakinsa akwai matakala uku, ga igiyar shanya, ga duro, ga kwata da ta ratsa tsakiya an ɗora mata katako ɗaya. Zai iya bi da lalube, ba wai ba zai iya ba. Amma mai lalube hannunsa a gaba yake, kuma duk wanda ya leƙo ta katanga sau ɗaya ya gan shi a haka, labari ya kai kunnen Nas kafin la'asar.

A nan ƙararrawa ta yi ranarta. Ya saba yana ajiye gutsuren busasshen kifi a aljihu, yana ba Manaja kaɗan a bakin famfo, kaɗan a kicin, kaɗan a shago. Don haka da ya buɗe ƙofa da safe sai ta shige gaba, cas-cas-cas, ta sauka matakala, ta kauce wa duro, ta bi ta kan katakon kwata saboda ba ta son jiƙa ƙafa. Shi kuma ya bi sautin, kai a sama, hannu biyu a aljihu, har da 'yar fito. Nas takan zo ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ta auna masa jini, ta duba ƙafafunsa, ta ƙirga ƙwayoyin maganinsa, ta ga mahaifinta yana ratsa tsakar gida kamar saurayi, ta koma da kwanciyar hankali. Shekara biyu cur ana haka. Ma'aikaciyar jinya ce fa, amma ba ta taɓa cewa ya karanta mata wani abu ba, don a gidansu shi ke duba aikin mutane, ba a duba nasa.

Sai Injiniya ya kawo aku. Babban aku, toka-toka mai jar wutsiya, a kejin ƙarfe mai sakata biyu, wanda ko damisa ba ta buɗe shi. An ce yana jin yare uku. A gidan Baba Tela dai bai taɓa cewa ko sannu ba. Wata guda ya yi yana saurare da kai a karkace, sannan ya fito da abu ɗaya tak da ya koya: kukan ƙararrawar Manaja. Cas-cas-cas, ba bambanci ko na ƙwayar zarra.

Wata safiya Baba Tela ya buɗe ƙofa, ya ji ƙararrawa ta hagu, ya bi ta da hannu a aljihu. Ya tsallake matakala biyu a lokaci ɗaya, goshinsa ya haɗu da bakin duro. Ya daɗe a zaune a ƙasa, jini yana bin girarsa, akun yana ta kaɗa masa ƙararrawa daga sama. Bayan kwana biyu aka tarar da sakatun kejin nan duka biyu a zare, Manaja kuma ta yi aikinta. Ni dai ban ce komai ba. Abin da na sani, kyanwa ba ta zare sakata, kuma akun ya samu sutura ta yadi mai tsada, da ɗinki biyu-biyu, irin wadda ko kanari bai samu ba.

Goshin ne ya ƙi ɓoyuwa. Injiniya ya zo ganin gawar akunsa, ya tarar da filasta a fuskar uban.

"Baba, me ya same ka?"

"Motsi na ji a bayan gida, kamar ɓarawo. Na fito da gudu na yi karo da ƙofa."

Ƙarya ce mai kyau, ta zauna daram. Kyanta ne ma ya jawo masifa, domin bayan kwana uku sai ga Injiniya da ƙaton karen gadi a bayan mota, ja, mai kai kamar turmi. Baba Tela ya ce ba ya so, ya ce gidan tela me ɓarawo zai ɗauka, ya ce shi da ma motsin ƙila ɓera ne. Injiniya ya ce ai magana ta ƙare, ya ɗaure sarƙar a jikin bututun famfo, ya yi tafiyarsa. Wannan karon Baba Tela bai shafa baƙon ba, bai kuma faɗi yadi nawa zai ci ba.

Manaja ta ɗauki kwana ɗaya tana nazari daga kan katanga. Kashegari ta sauko ta gano daidai inda sarƙar ta ƙare, ta ƙara taki ɗaya, ta zauna. Nan ya zama wurin wankanta. Kullum da hantsi za ta zo ta zauna a wannan tabon, ta juya wa karen baya, ta ɗaga ƙafa tana lasa, shi kuma yana ta zabura sarƙa tana shaƙe shi, yawu yana zuba. Maƙwabta har kujera suke jawowa su hau su yi kallo.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, da sassafe, karen ya nannaɗe sarƙarsa a jikin bututu har ya kasa kai baki ga ruwa, yana ta kuka. Baba Tela ba ya son Nas ta zo ta tarar da dabba a wahale, ta ce hidima ta fi ƙarfinsa. Ya lallaɓa ya tsuguna, ya ɓalle ƙugiyar, ya warware sarƙar zagaye bayan zagaye, ya mayar ya maƙala. A nan fa aka yi abin. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa kuskuren inci ɗaya a jikin ɗan'adam ba, ya maƙala ƙugiya a zoben da ba shi ba, ya ƙara wa kare kamu guda.

Da hantsi Manaja ta zo wurin wankanta, ta juya baya, ta ɗaga ƙafa. Baba Tela yana bakin kicin da kofin shayi. Ƙararrawar ta kaɗa sau ɗaya da ƙarfi, ta sake kaɗawa a hankali, shi ke nan.

Da rarrafe ya nemo ta. Karen ya riga ya sake ta ya koma gindin famfo, abinsa, aiki ya ƙare. Baba Tela ya ɗauke ta ya miƙe tsaye, jikinta da ɗumi, wuyan yana lilo. Sai da ya miƙe ya gane cewa garin rarrafe ya juya sau biyu ko uku, bai san ina ya dosa ba. Rana ta yi fari fat a idonsa. Kwata tana nan kusa, duro yana nan kusa, ko gaba ko baya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ɗakin likita, ya tsaya cik.

A haka Nas ta shigo ta same shi, da jakarta a kafaɗa, yana tsaye a tsakiyar gida ya ba ƙofa baya, yana fuskantar katanga.

"Baba! Innalillahi. Karen ne?"

"Shi ne," in ji shi, ya juyo wajen muryar. "An sauke Manaja daga aiki. Ba takardar sallama, ba komai."

"To ka shigo daga rana mana. Me kake jira?"

"Iska nake sha."

Ta dube shi. Ta dubi sawun gwiwoyinsa a ƙasa, sun yi zagaye kamar na mai neman allura. Ta dubi tabon goshinsa. Sai ta zare takalmanta a hankali, ta yi taku huɗu zuwa dama ba tare da ta yi motsin da za a ji ba, ta tsaya.

"Kin ga ai ke kika ci," in ji Baba Tela, yana magana da inda take a da, har da ɗan murmushi. "Shekara nawa kina neman a saka ta a buhu. To ga shi yau za ta shiga. Yadi ɗaya zai yi, da ma ba ta da jiki, cika baki ne kawai."

Nas ta toshe bakinta da hannu. Ya ci gaba da yi wa iska bayani, har ya ji shirun ya yi yawa, ya tsaya.

"Kina ina?" ya ce.

"Ga ni nan, Baba."

Ya juyo da kansa. 

Ita ta kama gwiwar hannunsa ta kai shi shago. Ya lalubo wani yadi a can ƙasan kabad, ragowar na maman yara da ya hana kowa taɓawa, ya yanka, ya hau keke. Ya yi ɗinkin, kansa a sama, idonsa a kan bango, tunda yanzu ba sauran wanda za a yi wa wasan sunkuyawa. Ɗinkin ya fita a miƙe sambal. Kafin ya rufe bakin ya kwance jan abin wuyan ya ajiye a kan keke. Nas ce ta haƙa ramin, ita ta kafa kwarkwaro na tara, ta dawo da Baba Tela bakin matakala ta zaunar.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun zomaye."

Ta shiga ɗakinsa. Yana jin ƙarar zif ɗin akwati, yana jin tana buɗe durowa tana rufewa. Ya zauna yana shafa gutsuren kifin da ya rage a aljihunsa. Can ya ji ta fito, ta bi ta shago, ta rufe ƙofar titi da sakata, ta dawo tsakar gida. Sai ya ji cas-cas. Ta ɗaura abin wuyan a hannunta.

"Taso, Baba. Bi ni a hankali."

Ya miƙe, ya zuba hannu biyu a aljihu. Ƙararrawar ta kauce wa duro, ya kauce. Ta bi ta kan katakon kwata, ya bi. Daga katakon nan taku bakwai ne sannan a yi hagu a shiga shago, ya san wannan kamar sunansa. Ya ƙirga bakwai. Ƙararrawar ta yi dama, wajen ƙofar gida, inda motar Nas take.

Ya tsaya. Ita ma ta tsaya, ta ɗan girgiza hannu sau ɗaya.

"Ita hagu take yi," in ji Baba Tela.

"Na sani, Baba."

Ya ɗan jima a wurin. Sannan ya ciro gutsuren kifin ya jefa wajen da yake jin numfashin karen, ya mayar da hannunsa aljihu, ya bi ta dama.